ZAUREN 'YAN MATA: Ɗakin Gizo Ba Ɗakin Amarya Ba Ne

 

A cikin tarin wasiƙun da suka iso mini wannan wata akwai guda ɗaya da ta fita daban. Kun dai san yawancin wasiƙunmu ba sa wuce na saurayi ya ɗauke ƙafa, ko an ce sai an ba da ke ga wanda ba kya so, ko ƙawa ta ci amana. To wannan kuwa daga Ingila ta fito, daga wata ƙanwarmu 'yar makarantar sakandare da iyayenta ke zaune a can saboda aikin mahaifinta. Ta ce wata ƙawarta Baturiya da suka tashi daga garin ta bar mata amanar abin da take kiwo. Ku canka mene ne. Ba mage ba, ba aku ba, ba zomo ba. Gizo-gizo! Irin ƙaton nan mai gashi buzu-buzu da ake kira tarantula, wanda in ya buɗe ƙafafu yakan cika tafin hannun babban mutum.

Na san yanzu wata ta yar da mujallar tana cewa a'uzubillahi. Ɗauko ki ci gaba da karatu 'yar uwa, abincin wani ai gubar wani. Mu da muke cin fara da yaji muna lasar yatsa, ba mu da bakin yi wa kowa dariya.

Yarinyar nan ta ce don ta nuna ta riƙe amana, sai ta fasa asusunta ta sayo babban akwatin gilashi irin na kiwon kifi, dogo sosai, ta zuba masa tsakuwa mai launi-launi, ta jera furannin roba, ta sa fitila a sama, ta rufe da murfin ragar waya, sannan ta ajiye shi a bakin taga don kowa ya shigo ya gani. Amma tun ranar da ta mai da dabbar ciki ba ta sake zama a ƙasa ba, kullum tana manne a jikin gilashi ko tana reto a jikin raga, ga shi yau mako 3 ta ƙi cin abinci. Shi ne take tambaya ta, wai Anti ko kewar uwar ɗakinta take yi?

Ƙanwata, ba kewa ba ce. Gizo-gizo bai san uwar ɗaki ba, bai san sunansa ba, bai san wa ke ba shi abinci ba. Ɗakin da kika yi mata ne bai karɓe ta ba, kuma in ba ki yi maza kin gyara ba, wallahi ɗakin nan mai kyau shi zai zama ajalinta. Kin yi jere ne irin na amarya, wanda ake yi don idon 'yan kallo, alhali ita buƙatarta daban. Bari in bi miki abin daki-daki, sauran 'yan uwa kuma ku matso, domin ilmi ba ya da kaɗan.

FARA SANIN WACE CE

Sunan tarantula ya samo asali ne daga wani gari da ake kira Taranto a kudancin Italiya, inda mutanen da suka ɗauka cewa in wani gizo-gizo na yankin ya ciji mutum ba ya warkewa sai ya yi ta rawa har ya faɗi. A yau sunan ya koma kan wani babban dangi mai iri fiye da 1,000, waɗanda suke warwatse a ƙasashe masu zafi na Amurka ta Kudu da ta Tsakiya, da Afirka, da Asiya, har da Ostareliya. Mafi nauyi a cikinsu yana dazuzzukan arewacin Amurka ta Kudu, wajen Benezuwela da Burazil, faɗin ƙafafunsa kan kusa santimita 30, wato tsawon rular da kuke zuwa da ita aji. A Turai da Amurka kiwonsu ya daɗe da zama ruwan dare, har ƙungiya gare su a Ingila.

Abin da mai kiwo za ta fara sani shi ne zamansu iri 3 ne. Akwai mazauna doron ƙasa, masu laɓewa a ƙarƙashin dutse ko saiwar itace. Akwai masu haƙa rami mai zurfi su shige, sai ki yi wata ba ki gan su ba. Akwai kuma mazauna kan bishiya. Kowane da irin ɗakinsa, in kika ba wannan ɗakin wancan kin cuce shi.

Yadda kika kwatanta taki, baƙa mai ruwan lemo a gwiwoyi, wannan 'yar Meksiko ce, daga busassun dazuzzukan gaɓar tekun yammacin ƙasar. Mazauniyar ƙasa ce, mai sanyin hali, shi ya sa ake ba masu koyo ita. Saboda yawan kamo irinsu daga daji ana sayarwa, tun 1985 aka fara sa su cikin yarjejeniyar duniya mai sa ido kan cinikin namun daji, don haka yau masu kiwo na kirki ba sa sayen sai wadda aka ƙyanƙyashe a gida.

TSAWON AKWATI SHI NE MAKASHINTA

Wannan shi ne mafi muhimmanci, in kin manta komai kada ki manta shi. Cikin tarantula, wato ƙunzugun nan na baya, laushi gare shi kamar nunannen tumatir, ga shi da nauyi. Ƙananan gizo-gizon da muke sharewa a ɗaki ko daga rufi suka faɗo tashi suke su ruga, ita kuwa faɗuwa daga tsawon da bai kai kamu 2 ba tana iya fasa mata ciki, in kuwa ya fashe da wuya ta rayu, jininta zai yi ta tsiyaya har ta mutu. Yanzu ki dubi naki akwatin, dogo, ga tsakuwa a ƙasa, ga ta kullum tana reto a sama. Kin ga ke nan tana tsakanin rai da mutuwa kowane dare kina barci.

Ga ƙa'idar da masu kiwo ke bi. Ki kimanta faɗin ƙafafunta da ido, daga bakin ƙafar gaba zuwa bakin ta baya ta ɗaya ɓarin, kada ki ce sai kin kama ta kin gwada. Babbar 'yar Meksiko takan kai santimita 13 zuwa 15. Faɗin akwati ya zama ninki 2 zuwa 3 na wannan, wato santimita 30 zuwa 45 ya wadatar. Tsakanin saman ƙasar da kika zuba da murfi kuwa kada ya wuce ninki ɗaya da rabi, wato wajen santimita 20. In ba ki da kuɗin sabon akwati, ba sai kin sake damun Abba ba, ki cika wannan ɗin da ƙasa har ratar ta ragu. Kai, ko robar ajiye kaya mai haske wadda ake ganin ciki, mai murfi mai kamawa, ta fi mata wannan gilashin naki daɗi.

Kada tausayi ya kama ki ki ce ɗakin ya yi mata kaɗan. A daji ma ba mai yawo ba ce, macen takan shafe shekaru a rami ɗaya, tana zaune a bakin ƙofa da dare tana jiran abin da tsautsayi zai koro. Fili mai yawa tsoro yake ba ta, abincin ma sai ya ɓace mata.

Mazaunan bishiya su ne ake yi wa dogon akwati, a jingina musu ɓawon itace a tsaye su yi saƙarsu a sama, domin su jikinsu bai da nauyi kuma hawa sana'arsu ce. Masu rami kuwa zurfin ƙasa suke so, santimita 20 ko fiye.

SHIMFIƊA

Kwashe tsakuwar nan yau ba gobe ba. Dalilin hawanta bango ke nan, ƙafafunta ba sa son abin da suke takawa. Tarantula tana da ido 8 amma ganinta bai taka kara ya karya ba, da gashin ƙafafunta take jin duniya, motsi da laima da ɗanɗano duk ta nan suke shigar ta. Abin da ake shimfiɗa mata shi ne garin zaren ɓawon kwakwa, wanda ake sayarwa a dunƙule kamar bulo a shagunan dabbobi na can, ko baƙar ƙasar shuka tsantsa wadda ba a gauraya da takin zamani ko maganin ƙwari ba. Ki karanta jikin buhun kafin ki saya. Kada ki sa yashi zalla, kada kuma ki sa dusar katako, musamman ta itatuwa masu ƙamshi, domin man da ke cikinsu yana cutar da ita.

In kin jiƙa bulon ya tashi, ki bar shi ya sha iska ya bushe tukuna, don 'yar Meksiko ba ta son taka jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ki zuba, ki daddanna da hannu ya zauna daram, zurfin aƙalla santimita 10, ko da za ta so yin ɗan tono.

MAƁOYA DA RUWA

Kowace mace tana son uwar ɗaka inda za ta shige ta saki labule, ita ma haka. Ki samo lanƙwasasshen ɓawon itace mara nauyi, ko rabin tukunyar shuka wadda bakinta ba kaifi, ki binne rabinsa a ƙasa ya zama kamar kogo. Kada ki sa dutse mai nauyi wanda in ta yi tono a ƙarƙashinsa zai danne ta. Furen roba ɗaya ko biyu ba laifi in ba su da tsini, amma ki sani don ke kika sa, ba don ita ba.

Sai ɗan kasko mara zurfi na ruwa mai tsabta, kamar murfin kwalba mai faɗi, kullum da ruwa a ciki. Wasu za su ce ki tsoma soso ko auduga wai don kada ta nutse. Kada ki yarda, ba ta nutsewa, soson kuwa matattarar ƙwayoyin cuta ne. Ruwan nan kada ki raina shi. Ikon Allah, ita ƙafafunta da ƙarfin bugun jini take miƙe su, don haka in ƙishirwa ta yi mata yawa sai ki ga ƙafafun sun nannaɗe sun shige ƙarƙashinta, wannan kuwa alamar mutuwa ce ta kusa.

MURFI, ISKA DA ZAFI

Ragar wayar nan ma a canja ta. A bakin kowace ƙafa tana da 'yan farata masu lanƙwasa, sukan maƙale a mahaɗar waya, sai ta yi ta reto da ƙafa ɗaya har ƙafar ta cire ko ta faɗo. A sa murfin roba mai kauri a huhhuda shi, a kuma yi wasu hudojin a gefe don iska ta ratsa ta wuce. Hudar kada ta kai girman da za ta iya kutsawa. Murfin kuma ya zama mai kullewa, don tana da ƙarfin ɗaga wanda aka ɗora kawai. Ki tuna in ta fita ta shiga ɗakin Umma, ke da ita duk sai kun nemi wurin kwana.

Iska ba abin wasa ba ce. Huhunta guda 4 ne a ƙarƙashin ciki, masu fallaye kamar shafukan littafi, in akwati ya zama a toshe ga laima, sai fumfuna ta tsiro, ita kuma ta shaƙe. Don haka kada ki riƙa fesa mata ruwa. Sau ɗaya a mako ko biyu ki bar kaskon ya ɗan tumbatsa ya jiƙa kusurwa ɗaya, shi ke nan.

Kashe fitilar nan, ki kuma ɗauke akwatin daga bakin taga. Dabbar dare ce, haske takura ne a gare ta, rana kuwa in ta bugi gilashi sai cikin ya koma tanda. Zafin da take so shi ne wanda ke ma za ki zauna da riga ɗaya ba ki ji sanyi ba, digiri 22 zuwa 27. In hunturun Ingila ya tsananta, a ɗumama ɗakin gaba ɗaya ya fi. In dole sai an sa faifan ɗumi na lantarki, a manna shi a gefen akwati tare da na'urar da ke kashe shi in zafi ya kai, kada a sa a ƙarƙashi. Dalili kuwa, ita in ta ji zafi ƙasa take tonawa don neman sanyi, kin ga sai ta tona ta tarar da wuta.

Ki nemi lungu mai shiru, nesa da rediyo da bugun ƙofa, tunda kowace girgiza a jikinta take ji. Maganin sauro na fesawa da na kunnawa kada su kusanci ɗakin, abin da ke kashe sauro ita ma yana kashe ta. Turaren wuta ma, duk da na san mu da shi sai Allah, a yi shi a wani ɗakin.

ITA KAƊAI

Kada wata rana tausayi ya sa ki ce bari ki samo mata abokiyar hira. Ba ta zama da kishiya, ba ta zama da ƙawa, ko 'yar uwarta ciki ɗaya kika sa mata, da safe ɗaya za ki tarar ta yi ƙiba. Namijin ma in ya zo neman aure da shirin gudu yake zuwa. Gizon tatsuniya dai ya yi sa'ar Ƙoƙi.

Abinci kuwa, babba kamar taki gyare 2 ko 3, ko kyankyaso ɗaya irin wanda ake kiwo don haka, a mako ɗaya ko biyu ya ishe ta. A shago za ki saya, kada ki kamo na lambu ko na kicin, ba ki san maganin da suka taka ba. Abin da ba ta ci ba zuwa washegari ki cire da dogon hantsaki. In kin gyara ɗakin ki ba ta mako guda ta natsu kafin ki gwada ba ta. Ƙin cin mako 3 ba abin tashin hankali ba ne muddin cikinta a cike yake ba a yamutse ba, akwai wata 'yar ƙasar Cile da takan yi watanni ba ta ci ba kuma lafiyarta lau.

RANAR DA ZA KI GAN TA A RIGINGINE

Wannan ma gyaran ɗaki ne ke sa a wanye lafiya. Tarantula saɓa take yi kamar maciji, babba wajen sau ɗaya a shekara ko ma fiye da shekara. In lokacin ya matso sai ta daina ci, fatar bayan cikinta ta yi duhu, ta yi shimfiɗar saƙa a ƙasa, sannan ta kwanta a bayanta ƙafafu a sama. Da yawa sun ga haka sun ce ta mutu, sun ɗauka sun zubar da ita da ranta. Kada ki taɓa, kada ki juya ta, kada ki hura mata iska. Ki tabbata babu gyare ko ɗaya a ciki, don a wannan hali gyaren da ya zo a matsayin abinci shi zai koma yana cin ta. Bayan awoyi za ta zare jikinta ta fito sabuwa fil. Ki bar ta da ruwa kawai har kwana 10 zuwa 14, sai fiƙoƙinta sun tashi daga fari sun koma baƙi.

Batun ɗauka a hannu don a yi hoto, ni dai ban ba ki shawara ba. Ita ba ta ƙaruwa da komai, in ta firgita ta zame ta faɗi kuwa kin san sauran. Ban da haka, 'yan nahiyar Amurka suna da wani gashi a bayan ciki da suke karkaɗowa da ƙafa in an tsorata su, mai ƙaiƙayi kamar ƙaiƙayin gero, in ya shiga ido sai an dangana da asibiti. Kada ki kai fuskarki bakin akwati, kuma ki wanke hannu duk lokacin da kika taɓa ƙasar.

Ku kuma 'yan uwa na gida, kada wata ta karanta wannan ta ce bari ta je bayan gari ta tono nata. Mu ma Afirka ta Yamma muna da namu, akwai na Togo da Gana masu zama a bishiya, akwai na Kamaru masu haƙa rami, har Turai ake kai su. Amma namu ba su da gashin ƙaiƙayi, sai saurin tsiya da zafin rai, dafinsu kuma ya fi na 'yan Amurka zafi nesa ba kusa ba, ƙwararrun masu kiwo ma da taka-tsantsan suke buɗe musu murfi. Ramin da ba ki san mai shi ba kuwa, kunama ko maciji ba su yi nisa ba.

ABIN DA YA RAGE

Saura magana ɗaya ƙanwata, wadda ta fi duk waɗannan nauyi. Namijin irin taki ba ya daɗewa, in ya balaga da wuya ya ƙara fiye da shekara ɗaya ko biyu. Macen kuwa tana iya kai shekara 25, wasu har 30. Ki zauna ki yi lissafi. Za ki gama sakandare tana nan, ki gama jami'a tana nan, ranar da za a kai ki ɗakin miji tana nan tana kallon ku. Da ita za a yi jeren? In kuma aikin Abba ya ƙare kuka tashi dawowa gida, ba a sa ta a jaka a hau jirgi haka kawai, sai da takardun izini, ga zafin bazararmu da kan haura digiri 40. Ki sami Umma da Abba ku yi maganar tun yanzu. In kun ga ba za ku iya ba, ki gyara mata ɗakin dai tukuna don ta tsira, sannan ki sanar da ƙawarki, ku nemi wani mai kiwo da ya san kanta a can ku miƙa masa. Wannan ba cin amana ba ne. Cin amana shi ne a sake ta a lambu sanyi ya kashe ta, ko a bar ta a lungu a manta.

Ni abin da ya tsaya mini a rai game da wasiƙar nan shi ne, yarinyar ba mugunta ta yi ba, so ne ya sa ta fasa asusu. Amma ta auna da abin da ke burge ta, ba ta tambayi abin da mai ɗakin ke buƙata ba, garin neman gira ana shirin rasa ido. Mu mata mun fi kowa sanin wannan. Sau nawa muka ga an cika wa yarinya ɗaki da gado da kabet da kwalla har rufi, amma ba wanda ya tambaye ta ko za ta iya numfashi a cikinsa? Duk wadda Allah Ya ɗora wa kula da wani rai, ƙanwa ce, ɗa ne, ko 'yar dabba, ta fara koyon halinsa kafin ta yi masa gini.

Ƙanwata, ina jiran wasiƙarki ta biyu in ji ko ta sauko daga bango. Sauran 'yan uwa ku ci gaba da aiko da tambayoyinku, a rubuta da kyau a gefe ɗaya na takarda. A wata mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu tattauna kan wasiƙar wata 'yar aji 5 da ƙawarta ke karanta mata littafin sirrinta tana yaɗawa a hostal.

Sai mun sake saduwa, ku huta lafiya. Taku har kullum.